Ranar da Aka Fasa Ƙwaryar Kawu

Tun da muka baro ƙauyenmu muka tare a Sabon Birni, ba ni da wani aiki sai zaman zaure da sauraron yadda mutane ke ba da labarinmu. Wani ya ce mun gudu. Wani ya ce an tashe mu. Mai rediyo kuwa ya ce mun ƙaura, sai ka ce sabon gida muka gina muka kira maroƙa. Abin da ya faru dai ɗaya ne: wata safiya muka ɗora tabarmi da tukwane bisa jakai, muka bar gero ya fara fitar da kai, saboda mutanen daji sun hana mu sakat. Ni da ba ni da abin yi, fuskar mai sauraro nake kallo. In aka ce masa mun gudu, mu yake duba, tun daga rawani har takalmi, yana neman inda tsoron ya ɓuya. In aka ce an tashe mu, sai ya ɗaga kai wajen daji ya ce Allah ya isa. Ba wanda ya gaya masa dalili. Kalmar ce ta kama hannunsa ta kai shi inda zai nemo dalilin, shi kuwa bai san an ja shi ba. Na daɗe da sanin wannan, kuma ba a gaban malam na koye shi ba.

Abin da ya tono mini tsohon zance shi ne zuwan Kulu. Kulu jikar kawuna ce, ƙanen mahaifiyata, mace mai 'ya'ya huɗu, ba ta da yawan magana. Ta kawo mini fura da hantsi, ta ajiye, ta ƙi tashi. Na san da magana. Ashe cacar baki suka yi da wata mata wajen famfo kan wa ya riga wa, matar kuwa 'yar ƙauyenmu ce, ta san asalin kowa. Da abin ya yi zafi sai ta ce wa Kulu ai ba mamaki, 'yan Gidan Saki ne su, kakansu ma mai jego ya saki a tsakiyar gulbi.

"Baba," in ji Kulu, "tun ina yarinya nike jin ana ce muna 'yan Gidan Saki, ban taɓa tambaya ba. Yau an faɗa mani gaban ɗiyana. Ina son in san abin da kakana yay yi."

Na ce ta bari in sha furar tukuna. Na sha a hankali, har na kankare ƙasan kwanon da ludayi, abin da ba halina ba ne.

Ƙauyenmu yana tsakanin nan da Isa, a bakin gulbi. Da rani gulbin rairayi ne zalla, yara na langa a cikinsa, mata na tona shi da ƙoƙo su zauna jiran ruwa ya taru. Amma in damina ta yi tsakiya, ba sai an yi ruwan a wurinmu ba. Sai a yi shi can sama, a garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba, mu kuwa rana na dukanmu a gona, sai ka ji gurnani daga nesa. Tsofaffi su jingine hauya su ce gulbi ya kawo. Kafin azahar ya cika fal, jajawur, yana ɗauke da kara da mushen akuya da itatuwa har da saiwarsu. Daga ranar sai duniya ta tsaya a mashigin ruwanmu. Fatake masu gishiri da kanwa daga Nijar su sauke jakai, matan Fulani su sauke ƙoran nono, mai zuwa biki Gangara da mai zuwa gaisuwar mutuwa Unguwar Lalle su zauna inuwa ɗaya, kowa na jiran masu fito. Har yau in na rufe ido ina jin kukan kwaɗi, da kukan jakin da ya ƙi ruwa, da muryar da ke tasowa daga wancan ƙetaren: "A fito da mu!" Yanzu akwai gada, inda babu gada akwai kwale-kwale mai inji. Yaro ya tsallake gulbi yana danna waya, ka tambaye shi launin ruwan bai sani ba.

Mutanen wancan lokacin suna auna magana kamar yadda suke auna hatsi, ba don sun fi na yanzu tsoron Allah ba, sai don gari ƙarami ne, abin da ka faɗa da safe shi zai tare ka da marece. Mahaifiyata ta fi kowa. In yarinya ta dawo daga rijiya hannu wofi ta ce, "Inna, tulu ya fashe," sai Inna ta ce, "Ikon Allah! Shina zaune shi ɗai yaf fashe? Ko faɗa sunka yi da randa?" In ta ce ya suɓuce mata, sai Inna ta duba hannunta ko da santsi, ta duba gammo. In kuwa ƙanwarta ta riga ta da cewa, "Ta fasa tulu," to Inna ba ta duba komai, tsumagiya take nema. Tulun ɗaya ne, tsingaronsa na can bakin rijiya, amma kowace kalma da wurin da take aika idon Inna. Haka in shanu suka yi ɓarna. In aka ce sun shiga gona, sai a duba shinge. In aka ce an bar su sun shiga, sai a nemi yaron da ya yi barci. In aka ce an kora su ciki, sai maza su fara neman sanduna. Shi ya sa mai unguwarmu, in an kawo masa ƙara, ba ya barin mai fushi ya fara ba da labari. Yakan ce wanda ya fara sa wa abu suna ya gama rabin shari'ar.

Ni kuwa na taso ne a hannun Kawu, mai fito. Ina da ƙarfi a lokacin, gemu ya fara fitowa, ina jin in aka bar ni da gulbin za ni iya sha in rage. Fitonmu da ƙwarya ne, irin manya-manyan nan da babban mutum ke zama ciki ya tanƙwashe ƙafa. Mai fito ba ya shiga. Yana cikin ruwa, hannu ɗaya riƙe da bakin ƙwaryar, ɗaya yana iyo, da ɗan gora ɗaure a ƙirji. Ba a shiga daidai inda ake son fita. Sai a hau sama can, a shiga, a bar ruwa ya gangaro da kai a karkace har ka sauka wancan mashigin. Wanda ke ciki kuwa a juya masa baya ga inda ruwa ke fitowa, a ce ya kafa ido ga giginyar da ke ƙetare, kada ya kalli ruwa, don mai kallon ruwa jiri ke ɗibarsa, in ya motsa kuma an kife. Kawu yana da ƙwarya guda da ya fi so, tsohuwa, ta yi baƙi don shan man shanu, da ɗinki biyu a gefe. Kowace safiya sai ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ya kara kunne, ya ce ƙwarya tana faɗin ciwonta tun kafin ta tsage. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, ba ya dariya, ba ya yabo. Shekara da shekaru ina bayansa, bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba. Sunan da yake kirana da shi kwaɗon tudu, wai ina da kururuwa amma ba ni da ruwa. Yakan faɗa ko gaban 'yan mata. Ba za ni ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Masu fito suna da doka guda wadda ta fi duk sauran, kuma daga bakin Kawu na fara jinta: hannun da ya kama ƙwarya da rai a ciki ba ya buɗewa sai a tudu. Kaya kana iya sakinsu, a yi maka faɗa, a wuce wurin. Amma ba mutum ba. In aka yi hatsari da rai, Sarkin Ruwa, wato shugaban masu fito da masunta, yakan tara jama'a a gindin tsamiyar mashigi. Ba ya fara tambayar mai abin, don an ce mai fito ba ya shaidar hannunsa. Wanda ya fi kusa da shi cikin ruwa ake tambaya, tambaya guda: ruwa ne ya ƙwace, ko shi ne ya saki? In ruwa ya ƙwace, ƙaddara ce, a yi addu'a a watse, gobe mutum ya koma aikinsa. In ya saki, a kife ƙwaryarsa gaban kowa a fasa ta da taɓarya, kuma ba shi ba mashigi har ya mutu. Ba mugunta ba ce. Matar da ba ta iya ruwa ba, tana miƙa maka kanta da ɗanta ne don ta san da wannan dokar. Duk tsawon tasowata ban ga an fasa ta kowa ba.

Ranar da abin ya faru, gulbi ya kwana biyu da kawowa, ya ɗan ja baya amma da ƙarfinsa. Da hantsi wani makiyayi da muka sani, wanda ke zama da shanunsa a gonakinmu bayan girbi, ya zo da matarsa. Mai jego ce, ba ta daɗe da yin arba'in ba, za ta kai jaririyar wajen iyayenta a ƙetare. Mijin ya ce Kawu zai ɗauke ta, ba wani ba. Kawu ya zaunar da ita cikin tsohuwar ƙwaryarsa, jaririyar a cinya, ya nuna mata giginya. Ni aka ba ni kayanta, ƙorai da 'yar tabarma da ƙullin tufafi. Da na zo ɗaurawa na yi kulli mai zamewa, Kawu ya fizge igiyar ya ce, gaban mijin da matan nono duka, "Kwaɗon tudu, ko akuya ba a ɗaurewa haka." Aka yi dariya. Na shiga ruwa a bayansa kunnuwana na zafi.

Mun kai tsakiya, inda ruwa ya fi gudu, ina bayansa da kamar taku goma, ta gefen gangare. Sai na ga abin. Kututturen icce ne, babba, ya sha ruwa ya nutse, ɗan doronsa kawai ke leƙowa ya koma. Daga tudu ba mai ganinsa. Matar ba ta gan shi ba, idonta na kan giginya kamar yadda aka ce mata. Yana tahowa ne kai tsaye kan ƙwaryar, kuma ba wurin kaucewa. Na ga Kawu ya waiga, ya gan shi. Na ga ya tura ƙwaryar wajena da iyakar ƙarfinsa, hannunsa ya buɗe, ya juya ya ba kututturen kafaɗa. Na ji ƙarar haɗuwarsu duk da gurnanin ruwa. Iccen ya karkata ya wuce ta bayan ƙwaryar, ya tafi da Kawu ƙarƙashin ruwa. Ƙwaryar kuwa ta taho tana juyi, matar ta kurma ihu, ta yi abin da aka hana, ta yunƙura. Na watsar da kayan na kai hannu, ƙwaryar ta riga ta sha ruwa ta gefe guda. Na cafki bakinta da hannu ɗaya, na cafki zanen da jaririyar ke ciki da haƙori, wallahi da haƙori, har ƙafata ta taɓa rairayi can ƙasa da mashigi. Uwa da ɗiya suka fita da rai. Jaririyar ta sha ruwa, aka kifa ta, ta yi amai, ta tsala kuka.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ɗanɗana irinsa ba. Mata suka yi guɗa a ƙetaren biyu. Aka fito da mijin, ya kama hannuwana biyu yana hawaye, yana magana rabi Hausa rabi Fillanci. Fatake suka cika mini hannu da dabino. Wani tsoho ya shafa kaina ya ce ashe da sauran maza a mashigin nan. Ana cikin haka Kawu ya ɓullo daga gangare yana tafe a ƙasa, ya fita can nesa wajen ƙayoyi, jikinsa duk ƙuje, hannun dama na lilo. Ba wanda ya yi masa guɗa. Na ji wata mai nono tana cewa da 'yar'uwarta ita dai ta ga ƙwarya na juyi ba kowa a jikinta.

Bayan la'asar aka taru gindin tsamiya. An ɗaure wa Kawu hannu da kara da tsumma, yana zaune gefe, ƙwaryarsa a gabansa. Sarkin Ruwa tsoho ne mai jan ido, sa'an Kawu, tare suka koyi ruwa. Ya kira ni tsakiya.

"Kai ne kusa da shi?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"To, ka san tambayar. Ruwa yaƙ ƙwace, ko shi yas saki?"

Na daɗe ina duba wannan ɗan lokacin, na juya shi ta kowane gefe, kuma ba ni da inda za ni laɓe. Na ga kututturen. Na san cewa in na ce ruwa ya ƙwace na yi ƙarya, amma an tashi lafiya. Na kuma san akwai magana ta uku wadda ba ta cikin tambayar, kuma ita ce ta fi gaskiya: ya tare icce. Ba wanda zai yanke mini harshe don na faɗe ta. Amma da na faɗe ta, da duk idanun nan sun bar kaina sun koma kan mutumin da ke zaune da karyayyar kafaɗa, ni kuwa in koma yaron da aka turo wa ƙwarya ya kama. Dabino na cikin aljihuna, guɗar na cikin kunnena, dariyar safe ma ba ta fita ba. Na dubi ƙasa.

"Ya saki."

Shi ke nan abin da na ce. Ban ce ya ji tsoro ba. Ban ce ya nemi tsira da ransa ba. Ban ƙara ko wasali ba. Jama'a suka ƙarasa da kansu, nan take, ina ji. Wani ya ce tsufa ne, ƙarfi ya ƙare yana ɓoyewa. Wani ya ce tsoro ne, ruwan bana ya fi na bara. Har karayar kafaɗar aka sama mata wuri: wai garin ceton kansa ya bugu da gaɓa. Mutanen nan ba maƙiyansa ba ne, rabinsu shi ya taɓa fitar da su. Amma da aka ce ya saki, ba wanda ya ƙara kallon gulbi. Wanda ya saki, a cikin zuciyarsa ake neman dalili, kuma mutum ba ya neman dalili mai kyau a zuciyar wanda ya buɗe hannu ga mai jego.

Sai Sarkin Ruwa ya yi abin da ba a saba ba, ya juya wajen Kawu.

"Ka ji abin da ɗanka yac ce. Kana da magana?"

Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake wa ƙwarya in ya ƙwanƙwasa ta. Ya ce, "Yaro bai yi ƙarya ba. Hannuna ya buɗe."

Aka kife ƙwaryar. Ba ta fashe a bugu na farko ba, tsohuwa ce mai tauri, sai a na uku. Kawu ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sakaina guda, wadda ɗinkin ke jiki, ya nufi gida. Mahaifiyata ta yi kwana bakwai ba ta amsa gaisuwata ba, ko da yake ba ta san komai ba, ta dai ce ɗan kirki ba ya shaida kan kawunsa ko da gaskiya ce.

Kafaɗar ba ta koma daidai ba. Kawu ya koma noma da hannu ɗaya da rabi, ya bar bin hanyar mashigi ko da rani. Kafin damina ta zagayo yara sun fara ce wa gidansa Gidan Saki, manya na tsawata musu, daga baya manyan ma suka riƙa faɗa in suna yi wa baƙo kwatance. Ni kuwa na gaji wurinsa. Duk mai jego, duk tsohuwa, ni take jira. Na yi aure da aikin nan, na ci da iyali da shi har furfura ta fito. Makiyayin nan bai taɓa manta ni ba. Kowace kaka, in sun dawo gonakinmu, sai matarsa ta aiko mini da man shanu, yarinyar da kanta ke kawowa tun tana tatata har ta zama budurwa, har ta zo da nata goyon. Tana kirana Baba mai ceto. Ina karɓa ina sa albarka. Tun da ƙasa ta rikice ban ƙara jin ɗuriyarsu ba, ban san ko suna raye ba.

Sau ɗaya na nemi in gyara. Bayan shekaru, da girbi, na iske Kawu a gonarsa yana fama da damin gero, hannun ya ƙi kai igiya. Na tsaya na ce, "Kawu, ranan nan na ga iccen."

Bai ɗago ba. "Na san ka gani. Wa ka bayana in ba kai ba?"

"In tafi in faɗa wa Sarkin Ruwa?"

"An tambaye ka, ka amsa. Ƙwaryar za ka ɗinke, ko kafaɗar? Kama mani damen ga, kwaɗon tudu."

Na kama, muka ɗaure. Na dawo gida ina gaya wa kaina ai shi ya hana ni. Bai hana ni ba. Tambayata ya yi, na kuma zaɓi in ji ta a matsayin hani, don haka ya fi mini sauƙi. Sarkin Ruwa ya rasu, Kawu ya bi shi, ɗansa uban Kulu ma ya tafi. Ni ne na yi wa Kawu wanka, na ga yadda ƙashin ya haɗe a karkace. Magana zarar bunu ce, an faɗa, amma ni tawa ba suɓucewa ta yi ba. Zaɓenta na yi.

Duk wannan na gaya wa Kulu a zauren nan, kwanon fura na tsakaninmu, sai dai na bi ta gefe. Na ba ta labarin gulbi da doka da kututture, na ce kakanta ya ga icce zai murƙushe uwa da ɗiya, ya tura su wajen tsira, ya tare shi da jikinsa. Ina faɗin "ya tare" na ga fuskarta ta canja. Ta bar kallon ƙasa. Ta tambayi abin da duk mai jin wannan kalmar ke tambaya, waɗanda ya tare wa iccen, sun rayu? Na ce sun rayu, yarinyar har ta haihu. Ta murza bakin mayafi.

"To, Baba, in haka ne, wa yac ce ya saki?"

Zauren ba kowa, sai kaji a bakin ƙofa. Duk wanda ya tsaya gindin tsamiyar nan ranar ya mutu ko ya ɓace, sai ni kaɗai, tsamiyar ma gulbi ya cinye ta. Da na ce wani ne cikin fatake, ba mai ƙaryata ni har tashin ƙiyama.

Na ce, "Ni."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dube ni, kuma a ranar na san daga ina ta gaji idanun, na Kawu ne. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don wanda ke da hakkin ba ita ba ce. Ta ɗauki kwanon ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Gobe da hantsi akwai mutane wajen famfo," in ji ta. "Matar nan ma tana zuwa. Za ni biyo in tafi da kai."

Na ce ƙafata ba ta kai ni famfo.

Ta ce, "Ina riƙe ka, Baba. Ni ba ni sakin ka."